Fulin gindin jigo

Fulin gindin jigo wata ƙaramar na'ura ce da ake ɗaurawa a ƙasan jigon jirgin ruwa mai filafili, domin ta karkatar da igiyar da ta sauko daga saman jigo ta kwantar da ita a kan doron jirgi, daga nan ta nufi baya wurin da matuƙi ke zama. Jigo shi ne dogon sandan da ke tsaye a tsakiyar jirgi yana riƙe da filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa. A jirgin yawon teku mai tsawon mita 9 zuwa 13 akan sami irin wannan fuli kamar huɗu zuwa goma kewaye da gindin jigo, kowanne da igiyarsa. Sauya su da sababbi yana cikin gyare-gyaren da masu tsofaffin jirage suka fi yi a Turai, Amurka da Ostareliya, domin aiki ne da mutum zai iya yi da kansa, kuma ana jin bambancinsa a hannu nan take.

Suna

Kalmar fuli aro ce daga Turanci, kuma makanikan mota sun daɗe suna amfani da ita ga tayar da bel ɗin inji ke zagayawa. Matuƙan Ingila suna kiran na'urar gaba ɗayanta da kalmar da Hausa ta ara ta mayar "bulo", saboda a da daga gungumen itace guda ake sassaƙa gidanta. Da yake bulo a Hausa ya tsaya ga na gini, wannan maƙala ta ɗauki fuli a matsayin sunan na'urar duka, taya kuma sunan abin da ke juyawa a cikinta. Ita ma kalmar jigo asalinta sandan ban ruwa ne na lambu, kafin a faɗaɗa ma'anarta.

Sassa da aiki

Fuli yana da taya mai kwari a gefenta inda igiya ke kwanciya, da kumatu biyu da ke rufe tayar hagu da dama, da ƙarfen tsakiya da tayar ke juyawa a kai, sai kuma kai, wato wurin da ake maƙala shi a jikin jirgi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake jan guga a rijiya mai zurfi ta kan taya ya riga ya san tushen abin. Fulin gindin jigo ba ya rage nauyin da ake ja ko kaɗan, alkiblar igiya kawai yake canzawa.

Igiyoyin da ke bi ta nan sun haɗa da na ɗaga babban filafili, na ɗaga filafilin gaba, na rage faɗin filafili idan iska ta yi ƙarfi, da waɗanda ke danne ko miƙe sandan da ke kwance a ƙasan babban filafili. Bayan igiya ta bar fulin gindin jigo takan bi ta cikin wani jerin tayoyi da ke kwance a doro, wanda ke sake karkatar da ita kaɗan, sannan ta shiga kuloci, wato matsin da ke cije igiya ya hana ta komawa, daga ƙarshe ta hau winci, gangar ƙarfe da ake murzawa da hannu don ƙara ƙarfin ja. Amfanin wannan tsari shi ne mutum ɗaya ko biyu za su iya ɗagawa da rage filafili ba tare da sun taka zuwa tsakiyar jirgi cikin duhu ko igiyar ruwa ba.

Tarihi

A zamanin manyan jiragen katako, da itacen elm ake yin gidan fuli, tayar kuma da wani itace mai tauri da maiƙo na yankin Karibiyan, lignum vitae. Jirgin yaƙi mai igwa 74 yana buƙatar fuli 922, kuma a farkon ƙarni na 19 rundunar ruwan Birtaniya tana cin kusan 100,000 a shekara. Wannan buƙata ce ta sa aka kafa masana'antar fuli a tashar Portsmouth, da injunan da Marc Isambard Brunel ya zana, Henry Maudslay ya ƙera. An fara girka su a 1803, kuma zuwa 1808 suna fitar da kusan 130,000 a shekara. Ana lissafa wurin cikin masana'antu na farko a duniya da suka yi ƙira mai yawa da injunan ƙarfe zalla.

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙananan jiragen shaƙatawa suka yawaita, aka koma yin fuli da Tufnol, wani allo mai launin ƙasa da ake yi da yadi da gam, sannan da ƙarfen da ba ya tsatsa da roba mai tauri. Kamfanin Lewmar na Ingila ya fara aiki a 1946, Ronstan na Ostareliya a 1953. A 1967 'yan'uwa biyu, Peter da Olaf Harken, suka kafa kamfaninsu a jihar Wisconsin ta Amurka, suka shahara da fuli mai boris na ƙananan ƙwallayen roba, wanda wasu jiragen da suka ci zinare a gasar Olamfik ta 1968 suka yi amfani da shi. Al'adar mayar da igiyoyi baya zuwa wurin matuƙi ta bazu a jiragen faiba daga wajen shekarun 1970 da 1980, shi ya sa jirage da dama na wancan zamani har yanzu suke ɗauke da fulinsu na asali, wanda ya sha rana da gishiri shekaru masu yawa.

Alamun tsufa

Rana ce babbar mai cin tayar roba. Tana sa ta yi fari kamar alli, ta tsattsage, gefenta ya ɓantare har ya soma yankar igiya. Ramin tsakiyar taya yakan faɗaɗa ya daina zama da'ira, sai tayar ta karkace ta goga kumatu. Ƙarfen kai yakan miƙe ko ya lanƙwashe, kuma ɗigon tsatsa a mahaɗa alama ce ta tsaga da ido bai kai gare ta ba tukuna. Abin da ke yaudarar mutane shi ne tsohon fuli yakan juya lafiya idan an murza shi da yatsa, amma da zarar nauyi ya hau sai ya cije, igiya ta koma zamewa a kan tayar da ta tsaya cik. Gwajin da aka saba yi mai sauƙi ne: a ja igiyar a gindin jigo kafin ta shiga fuli, sannan a ja ta daga baya. Idan can ta zo da sauƙi nan kuma sai da winci, to gogayya tana tsakanin wuraren biyu.

Gogayya taruwa take yi daga kwana zuwa kwana. A misali, idan kowace kwana tana cinye kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da aka sa, igiyar da ta bi kwana uku za ta isar da kusan kashi 73 ne kawai. Wannan ne ya sa sauya fulin gindin jigo kaɗai ba ya warware matsala idan tayar da ke can ƙolin jigo ita ma ta mutu.

Nauyi da kusurwa

Nauyin da ke kan fuli ba daidai yake da nauyin da ke kan igiya ba. Ya dogara ne ga yadda igiyar ta karkace. Idan ta karkace da digiri 30, fuli yana ɗaukar kusan kashi 52 cikin ɗari na nauyin igiya. A digiri 60 yana ɗaukar nauyin cif, a digiri 90 kashi 141, a digiri 180 kuwa, inda igiya ta juyo ta koma inda ta fito, ninki biyu. Fulin gindin jigo kusan kullum a digiri 90 yake aiki, tunda igiya daga tsaye take komawa kwance. Saboda haka igiyar da aka ɗaure da ƙarfin kilo 400 tana ɗora wa fulinta kusan kilo 566, kuma wannan nauyi yana ja ne a karkace, sama da baya, a tsakiyar kusurwar.

Masu ƙira suna buga adadi biyu: nauyin aiki da nauyin karyewa. A wurin da yawansu na farko kusan rabin na biyu ne. Da nauyin aiki ake zaɓe, domin bayan an wuce shi boris yana lalacewa ko da fulin bai tsinke ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaɓi fuli bisa kaurin igiya kawai. Fuli biyu suna iya karɓar igiya mai kaurin milimita 10, amma ɗaya an yi shi ne don ƙaramin jirgin tsere da ake jan igiyarsa da hannu, ɗayan kuma don igiyar da winci zai ɗaure tam. Akwai kuma batun sabuwar igiya. Tsohuwar igiyar foliyesta tana ɗan miƙewa, sai ta shanye bugun iska da na igiyar ruwa. Igiyar Dyneema kusan ba ta miƙewa, don haka duk wani fizga yana sauka kai tsaye a kan fuli da abin da ke riƙe da shi. Wanda ya sauya igiya zuwa irin wannan ya ƙara wa tsohon fuli aiki ko da bai taɓa shi ba.

Girman taya ma yana da tasiri. Babbar taya tana lanƙwasa igiya a hankali, gogayya ta ragu, igiya ta daɗe. A jiragen yawo an saba haɗa igiyar milimita 10 da taya mai faɗin kusan milimita 57 zuwa 60, ta milimita 12 kuma da taya mai 70 zuwa 75. Iyakar abin ita ce wuri, domin fuli shida ko takwas manya ba sa samun sararin juyawa a gindin jigo ɗaya ba tare da sun gogi juna ba.

Irin boris

A nan ne masu saye suka fi ruɗewa, saboda fulin da ya fi santsi a shago ba lallai ne ya dace da gindin jigo ba. Iri uku ake da su.

Na farko ba shi da ƙwallo ko ɗaya: tayar tana juyawa ne kai tsaye a kan ƙarfen tsakiya ko a kan bushi. Yana da ɗan gogayya idan ana ja da sauri, amma yana jure nauyin da ya zauna a kansa, ba ya buƙatar kulawa sosai, kuma ya fi araha. Na biyu shi ne mai ƙwallaye, waɗanda akan yi da Delrin, ko da Torlon wanda ya fi shi tauri. Yana gudu kamar ba a taɓa shi ba, shi ya sa ya dace da igiyar da ake saki ana ja kowane minti. Rauninsa shi ne kowane ƙwallo a ɗigo ɗaya yake taɓa hanyarsa. Igiyar ɗaga filafili kuwa ana ɗaure ta ne a bar ta, a tafiya mai nisa kwana da kwanaki, nauyi yana danne ƙwallaye kaɗan a wuri guda. Idan nauyin ya fi ƙarfinsu sai su baje, fulin ya koma ƙara yana tsalle-tsalle. Na uku yana amfani da ƙananan sanduna masu mirginawa a maimakon ƙwallaye. Da yake sanda a tsawonsa yake taɓawa, yana ɗaukar nauyi mai yawa kuma yana gudu, sai dai kuɗinsa ya fi na sauran nesa.

Ga jirgin yawo na talakan matuƙi, mai bushi nagari yakan wadatar ga igiyoyin ɗagawa da na ragewa, kuma kamfanoni da dama suna yin wani iri na tsaka-tsaki, mai bushi a tsakiya da ƙwallaye a gefe don hana taya goga kumatu. Mai ƙwallaye zalla ya fi amfani ga igiyoyin da ba su da nauyi amma ake yawan motsa su. Mai sanduna sai babban jirgi ko wanda zai yi tsere.

A 'yan shekarun nan zoben alminiyam mai santsi, wanda ba shi da taya sam, ya shiga kasuwa. Ana ɗaure shi da Dyneema, ba shi da nauyi, ba abin da zai karye a jikinsa. A kwana mai digiri 90 gogayyarsa ta fi ta kowane fuli, musamman da igiya mai kaushin riga, don haka ya fi dacewa da igiyar da ke motsi kaɗan, ba wadda za a ja mita goma sha biyar ba.

Wurin maƙalawa

Fuli ba ya fin abin da ke riƙe da shi ƙarfi, kuma a nan tsarin jigon yake shigowa. A wasu jirage jigo yana tsaye ne a kan doro. A irin waɗannan akan sa farantin ƙarfe mai ramuka a ƙarƙashin ƙafar jigo, a maƙala fuli a ramukan. Nauyin jigon da ke dannawa ƙasa shi ke riƙe farantin, sai ƙarfin da ke jan fuli sama ya koma cikin jigon kansa. Wannan tsari ne mai kyau, sai dai sa sabon faranti yana buƙatar a sauke jigo, kuma kaurinsa yana ɗan ɗaga jigon, dole a sake daidaita wayoyin da ke riƙe da shi.

A wasu jiragen kuma jigo yana ratsa doro ne ya sauka har ƙashin bayan jirgi a ƙasa. A nan fuli yana maƙale a wani zobe da ke kewaye da ramin doro, ko a idanun ƙarfe da aka ɗaure a doron. Duk igiyar da aka ɗaure tana ƙoƙarin ɗaga doro sama, alhali ba jigon da ke danne shi. Saboda haka ake sa sandan ƙarfe ko waya daga ƙarƙashin doro zuwa ƙafar jigo, ko zuwa jikin jigon a cikin ɗaki. Jirgin da aka ƙera shi don a yi aikin igiya a jikin jigo, daga baya aka mayar da igiyoyin baya ba tare da wannan ɗauri ba, doronsa yana iya kumbura, ƙofofin ciki su daina rufuwa, bangayen katako su rabu da rufi.

Doron jiragen faiba da yawa fata biyu ne da cikin itacen balsa ko soso mai tauri. Idan aka huda aka ɗaure noti kai tsaye, cikin yana murƙushewa, ruwa ya shiga ya ruɓar da shi. Hanyar da aka yarda da ita ita ce a huda rami mai faɗi, a ƙwaƙule cikin da ke kewaye, a cika da gam ɗin ifoksi mai kauri, a sake huda daidai girman ƙusa bayan ya bushe, sannan a sa faranti a ƙasa don raba nauyi, a toshe sama da abin hana yoyo. Ƙusa mai ratsawa da noti ake amfani da ita, ba sukuru mai cin jiki ba.

Inda ƙarfen da ba ya tsatsa ya haɗu da alminiyam cikin ruwan gishiri, alminiyam ɗin yana cinyewa ya zama farin gari, ƙusa ta kafe har sai an yanke. Ana raba su da man shafawa irin su Duralac ko Tef-Gel. Ga teku ana fifita ƙarfe mai lamba 316 a kan mai lamba 304.

Daidaita layi

Dole kan fuli ya sami 'yancin juyawa ya fuskanci inda nauyi ke ja. Idan aka kafe shi a karkace, igiya tana hawa gefen taya, kumatu su buɗe. Wasu ana maƙala su da ƙarfe mai siffar kofaton doki, wasu da kai mai juyawa, wasu da madaukin igiya mai laushi wanda ba ya ƙara kuma ba ya cin faranti. Akan sa sifirin ko robar tsayarwa a ƙarƙashi don kada fuli ya faɗi yana dukan doro idan igiya ta saki. Wasu matuƙa rabin ƙwallon tanis suke hudawa su sa. Igiyar da ta fito daga ramin jigo na dama a ba ta fulin dama, kuma a jera su yadda ba za su gitta juna ba kafin su kai tayoyin doro. Kafin a sayi komai, masu gyara sukan zare siririyar igiya ta bi duk hanyar, daga ramin jigo zuwa winci, su ga inda take goga.

Hatsari da kulawa

Fulin da ya tsinke ƙarƙashin nauyi yana tashi kamar dutsen gwafa, ta cikin kusurwar da igiya ta yi, wato sama da baya, daidai inda ƙafa ko fuskar mai aiki a gindin jigo take. Shi ya sa ake koya wa sababbin matuƙa kada su tsaya ko su durƙusa a cikin kusurwar igiyar da ke ɗaure. Idan kuma fulin igiyar ragewa ne ya tafi, yakan tafi ne a lokacin da iska ta yi ƙarfi, jirgin ya rasa hanyar rage filafili sa'ad da ya fi buƙatarta.

Kulawarsa kaɗan ce: wanki da ruwan daɗi don fitar da gishiri, wani lokaci da ɗan sabulu. Ba a sa giris a boris na roba, domin yana kama yashi ya hana ƙwallaye mirginawa. Akan ɗaure fil ɗin maƙali da siririyar waya don kada girgiza ta kwance shi, a kuma sassauta igiyoyi idan jirgi ya tsaya a tasha.

Saɓanin ra'ayi

Ba duk matuƙa ne suka yarda da mayar da igiyoyi baya ba. Wasu masu tafiya mai nisa suna ganin winci a jikin jigo ya fi, saboda igiya ba ta bin kwana ko ɗaya bayan ƙolin jigo, mutum yana iya rataya nauyin jikinsa a kanta ya ɗaga filafili cikin daƙiƙu, kuma yana ganin abin da ya maƙale da idonsa. Suna ƙara da cewa wanda bai saba zuwa gaba cikin yanayi mai kyau ba zai sha wuya ranar da dole ta kai shi. Masu goyon bayan tsarin baya suna duba ma'aurata masu shekaru da masu tafiya su kaɗai, waɗanda faɗawa ruwa da dare ya fi musu kowace gogayya hatsari. Jirage da yawa suna raba abin biyu: igiyar babban filafili da na ragewa su koma baya, na filafilin gaba, wanda ake naɗewa a bar shi sama duk kakar tafiya, a ɗaure shi a jikin jigo, abin da ke rage fuli ɗaya ko biyu daga gindin.